Hayaƙin da Ya Raba Ango da Nono

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu numfashi bai ce mu biya ba. Wannan ba irin wadda ake cewa ta zo mu ji ta ba ce. Ni na taka na same ta har gidanta. Ni mutuniyar Gashuwa ce, a bakin kogi aka binne cibiyata, bandar kifi ce sana'ata tun ina da ƙarfin ɗaukar itace har gwiwa ta ce ta gaji. Boko ban yi ba, biro ban riƙe ba. Ni ke faɗa ana rubutawa. In kun ga tsari, na mai rubutu ne. In kun ji zafi, nawa ne.

Ina da jika, Bintu. Uwarta ta rasu ta bar min ita tana rarrafe, a bayana ta girma. Allah ya ba ta kai, ta yi karatu, ta auri wani malamin makaranta a Nguru mai suna Bukar, sannan aka ba ta tallafi ta tafi ƙasar Indiya ta koyo awon iska. Da aka fara gaya min na yi dariya, na ce hatsi ake aunawa, ita iska a wane kwano? Ta zo hutu ta koma da ciki. Haihuwar fari kuwa a gida ake yin ta, a gida ake wanka, kowa ya sani. Makarantarsu ta ce ba hali. Mijin ya nemi takardar shiga aka hana shi, ni tsohuwa da ba na tsoratar da kowa aka buga min. Tunda mai jego ba ta zo gida ba, sai gida ya tashi ya bi ta.

Zangona na farko ƙasar Habasha. Aka sauke mu a wani zaure mai faɗin kasuwa, sanyi kamar a cikin randa, ba wanda ke jin abin da nake faɗa. Ina zaune ina jan carbi sai na ji sallama da Hausa tsantsa. Wani dattijo ne da hula mai kyau da ƙamshi, ya ce shi aikinsa kai marasa lafiya asibitocin Indiya, ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Ya sayo min shayi, ya nuna min alƙibla, Inna kaza Inna kaza. Wanda ya yi wuni ba a kira shi da harshensa ba, shi ya san daɗin abin da na ji. Ya tambayi kayana na lissafa masa: kanwar Manga da na aika aka sayo a kasuwar Nguru, gero, kuka, man shanu, turaren wuta da kasko, da kwali guda na tarwaɗa da ni na tsaya a kan bandarta don bakin mai jego. Ya girgiza kai ya ce kifi ba ya wucewa a hannun baƙo, ƙwacewa suke yi, amma shi sun san shi. In mun sauka in bar masa kwalin, mu haɗu a ƙofa.

Mun sauka a Delhi, ya ɗora kwalin a kan keken kaya, ya ce in biyo shi a hankali. Har yau ina biye. Ban yi masa baki ba, na dai roƙi Allah ya sa ƙaya ɗaya ta tuna masa da ni.

Kifin da ya ce za a kama bai kamu ba, kanwar da bai ambata ba ita ta kama ni. Masu binciken kaya suka ga launin fasfona, suka buɗe buhu, suka ga farin dutse, nan take fuskoki suka sauya. Aka kawo kare ya shinshina kayan da zan ciyar da mai jego. Aka shigar da ni wani ɗaki, wata mace sa'ar jikata ta kwance min zane, ta lalube ni har inda uwata kaɗai ta taɓa gani. Ina ta nuna musu da hannu cewa sha ake yi, a kunu ake sawa. Ashe ƙara tabbatar musu da zarginsu na miyagun ƙwayoyi nake. Wata mai shara ce kawai ta dube ni a matsayin mutum: ta ajiye tsintsiya, ta kawo min ruwa a kofi, ta tsaya har na shanye. Can aka samu Bintu a waya. Tana waje tun safe a tsaye da tsohon ciki. Suka yi ta Turanci, aka sake ni, aka riƙe kanwa wai za a auna. Ina jin har yanzu awon suke. Ɗan gutsuren da ke ƙulle a bakin zanena, wanda nake lasa in cikina ya kumbura, shi ya yi mana kunun jego gaba ɗaya, ina gutsura kamar zinariya.

Ɗakin Bintu yana saman bene, ɗaki ɗaya da lungun girki. Ta ce ta sha yawo kafin ta samu, don masu haya da yawa suna ganin fatarta sai su ce an riga an kama. Shi wanda ya ba ta ma da sharaɗi: ba tara baƙi, ba girki mai ƙauri. A nan na zauna cikin wani zafi da ko namu na bazara zai gaishe shi da girma, har Allah ya sauke ta lafiya, namiji. A Nguru aka yanka rago, mu muna kallo a waya kamar 'yan kallon bikin wasu. Aka sa masa sunan marigayi maigidana, sunan da bakina bai taɓa kamawa ba, don haka ni Ango nake ce masa.

Wanka kuma sai abin da Allah ya yi. Ba itace, ba tukunya, ba inda za a hura wuta. Wani ƙarfe ake tsomawa a bokiti a sa a lantarki, ruwa ya yi ɗumi a ce ya tafasa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina tunanin da me zan fyaɗa mata ruwan, sai maƙwabciyarmu ta fito, wata tsohuwa gwauruwa da ba ta sa komai sai farin zane. Ta ga bokiti, ta ji kukan jariri, ta koma. Da la'asar sai ga ta da damin ganyen darbejiya. Na riƙe ganyen nan na sa a hanci, sai ga ni a ƙofar gidana. Ashe bishiyar ma daga ƙasarsu ta zo mana, ashe su ma suna tsare mai jego har arba'in. Bayan kwana biyu ta kawo wasu dunƙule-dunƙule masu zaƙi, na gutsura na ji man shanu, na ji ƙaro, ƙaron nan dai da ake lodawa a Nguru. Ni da ita ba mu taɓa fahimtar kalma ɗaya ba. Takan zauna a bakin ƙofarta in zauna a tawa, ta yi ta ba ni labari ina cewa ikon Allah, in ba ta nawa tana kaɗa kai.

Aka yi arba'in, Bintu ta koma makaranta. Tana fita da safe, ta dawo tsakar rana ta ba da nono, ta koma. Ango ya yi ɓul-ɓul, ya fara gane ni, in na ce masa ina kuɗin cefane sai ya buɗe baki ba haƙori. Kowace yamma nakan sa garwashin gawayin da ake sayarwa a kwali a kasko in turara ɗaki da kayansa, don mu a wajenmu ɗakin jariri ba ya kwana ba turare. Damina tasu ta zo ta wuce. Kewar gida ta kama ni sosai a lokacin. Ba mutane na fi kewa ba, in faɗi gaskiya. Nisa nake kewa: ka tsaya a bakin fadama idonka ya tafi ya tafi bai ci karo da komai ba.

Sai sanyi ya fara shigowa, abin ya zo.

Wata safiya na buɗe taga ban ga benen da ke fuskantarmu ba. Rana ta fito ja kamar kwanon jan ƙarfe, kana iya zuba mata ido ba ta ce maka komai ba. Ido yana yaji, maƙogwaro yana ɗaci. Na shaƙa na ce wa Bintu wani yana ƙona karan shinkafa, ko a mafarki na san warinsa. Ta ce haka ne, manoman can arewa da su ne ke ƙona gonaki don su yi saurin shuka alkama, iska ta kwaso. Amma wannan ɗaya ne cikin goma, ga motoci, ga masana'antu, ga masu gasa bulo, ga shara. Ana haka suka yi wani bikinsu na fitilu, gari ya ɗauki harbe-harben wasan wuta kamar yaƙi, washegari ko ƙasan bene ba a gani. Mutane suka ɗaura takunkumi suka ci gaba da harkarsu. Wannan ne ya fara ba ni tsoro: ba wanda ya yi mamaki.

Ango ya fara tari. Daga tari sai ƙirji ya riƙa kuka kamar 'yar kyanwa. In ya kama nono sai ya saki ya nemi iska, ya sake kamawa ya saki. Ramin wuyansa yana shiga yana fita. Na binne 'ya'ya, na san irin numfashin da ba a wasa da shi.

Asibitin yara cike, uwa kan uwa, kowace da nata mai kukan ƙirji. Likita ya duba ya tambaya ko ana hayaƙi a ɗaki. Bintu ba ta iya ƙarya ba, ta ce kakarta na turare. Sai mutumin nan ya juyo ya dube ni, ya ɗaga yatsa yana faɗa, ni da na haifi sa'ar uwarsa. A bayansa akwai taga, a tagar ba a ganin komai sai toka. Garin da ya haɗiye rana, wai kaskona da bai kai tafin hannu ba shi ne mai laifi. Su waɗancan yaran da ke layi, duk ni na turara su? Abin haushi, da suka tashi magani, wani ƙoƙo suka kifa masa a hanci yana fitar da tururi. Turaren dai suka yi masa, nasu.

Da muka dawo Bintu ta ɗauki kaskon ta naɗe a leda ta tura ƙarƙashin gado. Na ce mata a cikin turaren nan ta girma, ga ta har Indiya. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri. Naki ma hayaƙi ne. Ƙirjinsa bai san na gida da na waje ba." Maganar ta yi min ciwo, amma ban ga inda zan kama ta ba. Na bari. Muka toshe taga da tsumma mai ruwa, muka daina soya komai. Tari bai fasa ba. Ya yi sauƙi kwana biyu, mu koma asibiti. Ya yi sauƙi, mu koma. Ga takardar zamana ta kusa ƙarewa, dole in bar ƙasar. Na ce wa Bintu ta haɗa kaya mu tafi gida mu uku. Ta ce ba za a bar ta ba: hutun haihuwa ya cinye abin da take da shi, kuma yanzu ne lokacin awon da duk karatunta ya rataya a kai, in ta tafi, tallafin ya yanke, shekarun sun zube. Na ce to ta kai ni wurin wanda ba zai bar ta ba.

Muka bar Ango wurin mai farin zane, muka hau keke mai ƙafa uku. Kafin mu ga babban malaminsu, ta ce sai ta share idon na'urarta. Na ce in dai wannan ce kishiyar Ango, sai na gan ta. Muka hau har rufin bene, ina hutawa a kowane hawa.

Na zaci zan ga abu kamar injin niƙa. Ashe wani akwati ne da bai fi keken ɗinki ba, da ɗan bututu a kansa mai ido ɗaya na gilashi. Shi kaɗai yake motsi: ya dubi saitin rufin gidaje, ya ɗan ɗaga, ya ƙara ɗagawa, har ya kalli tsakiyar sama, sannan ya sauko ya sake, kamar ƙadangare a kan katanga. Bintu ta sa ƙyalle ta goge idon, ƙyallen ya fito baƙi. Na tambaya ta ina yake shaƙar iskar. Ta ce ba ya shaƙa, haske yake karantawa. Hasken rana da muke gani fari, in ji ta, saƙa ce ta zare kala-kala, irin wanda ke bayyana a bakan gizo. Kafin ya iso idon nan sai ya ratsa iskar gari, kowane irin hayaƙi kuma yana da zaren da yake ci: na mota da nasa, na gawayin masana'anta da nasa, na ƙonar gona da nasa. In haske ya iso sai a duba wane zare ne ya ragu, a san wa ya ci, a san yawansa. Na ce kamar mai gona ke nan, da ya ga cizon ganye ya san fara ce ko akuya. Ta ce haka. Ta ce akwai irinsa a tauraron ɗan'adam yana leƙowa daga sama, nata na ƙasa shi ke gaskata shi ko ya ƙaryata. Ta ce wasu hayaƙin ma in sun haɗu rana ta dafa su, sai su haifi wata guba da ba wanda ya hura ta.

Na ce to me ya hana shi tashi ya tafi, kamar kowane hayaƙi? Ta ce a lokacin sanyi iska mai sanyi ke kwanciya a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta ta danne, sai ta zama murfi. Duk abin da aka ƙona a nan yake zama.

Ba sai ta ƙara ba. Haka muke yi: a jera kifi a raga, a hura wuta ƙasa-ƙasa, a kawo buhu a rufe don kada hayaƙi ya tsere. Na dubi garin nan da ba a ganin ƙarshensa, na ce, "Ashe mu ne kifin."

Ofishin babban malamin yana ƙasa. Ana buɗe ƙofa ƙirjina ya buɗe. Iska a ciki kamar bayan ruwan fari. A lungu wani farin inji ne ke gurnani a hankali, Bintu ta raɗa min cewa tace iska yake, kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Mutumin dattijo ne mai fara'a, ya miƙe min, ya haɗa hannu, ya sa aka kawo shayi. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai wulaƙanta ni ba. Ya tambayi jikin yaro, ya ce nasa jikokin ma ya tura su kan duwatsu wurin dangi sai abin ya lafa.

Na ce wa Bintu ta faɗa masa duk abin da zan faɗa, kada ta rage. Na ce ni ba ni da dutsen da zan kai nawa sai Gashuwa, kuma nono ba ya bin waya. Na ce akwatin nan shi kaɗai yake ɗaga kai yana saukewa, goge ido kuwa ko mai gadi zai iya. Ya bar yarinya ta kai ɗanta gida ta dawo in an ga rana. Na ce mu mun san masu awo. Shekarun da ciwon ƙoda ya riƙa ɗaukar mana mutane, har ya ɗauki uwar wannan da ke tsaye, an zo da motoci an ɗebi ruwan rijiyoyinmu a kwalabe, an ɗebi jininmu, an tafi. Ni dai ba wanda ya dawo ya zauna a tabarmata ya ce ga abin da aka gani. Na ce in awo ba ya kashe wuta, a kan me za a yanka min jika a kansa?

Bintu ta juya ta yi 'yan kalmomi, mutumin ya yi murmushi ya kaɗa kai.

"Ke Bintu, abin da na faɗa ya fi wannan tsawo."

"Kaka, Turanci gajere ne."

"To tsawaita shi."

Ta sunkuyar da kai ta sake, wannan karon na ga murmushin ya sauka. Ya cire tabarau. Amsarsa, yadda ta juya min ita, ita ce: dokar tallafi ba shi ya sa ta ba, ba kuma shi zai cire ta ba, na'urar ba goge ido kaɗai take so ba, kullum sai an daidaita ta an duba abin da ta kawo, kowane ɗalibi da tasa a wata unguwar, su sun yi shekaru suna rubutawa suna kai wa masu mulki, masu mulki suna godiya. Sannan ya ƙara da abin da har in mutu ba zan manta ba. Wai bana hayaƙin ya yi kauri irin wanda ba a cika samu ba, don haka awon bana yana da daraja ƙwarai, kada ta yi asararsa. Wato lokacin girbinsu ne. Abin da ke shaƙe min yaro shi ne amfanin gonarsu. Na ajiye shayinsa ban kurɓa ba.

A matakala Bintu ta zauna ta fashe da kuka. Ta ce shi ke nan, ta haƙura da karatun, gobe za ta fara haɗa kaya. Abin da na zo nema ke nan, ga shi an miƙo min, sai na ji hannuna ya ƙi karɓa. Na tuna yarinyar nan tana karatu da fitilar ƙwai a gefen murhun banda. Na tambaye ta tsakaninta da Allah, wannan aikin yana da amfani ko wahalar banza ce. Ta share ido ta ce, "Kaka, in ba a auna ba, cewa za su yi hazo ne daga Allah. In an auna, ko ba su gyara ba, ba su da bakin cewa ba su sani ba."

Na zauna kusa da ita a kan simintin nan mai sanyi. Sannan na ce ta ba ni yaron. Amsa, matar ɗana, tana goyon 'yar wata bakwai, nononta ya ishi biyu. Bintu ta dube ni kamar na ce ta ba ni idonta. Ta ce ko wata shida bai cika ba. Na ce na sani. Allah ya ce shekara biyu, ni na yaye 'ya'ya da jikoki ban taɓa rage wa kowa wata ɗaya ba. Amma mai numfashi shi ke shan nono. Aka kira Bukar a waya, ya ce duk abin da Kaka ta gani. Bintu ta ce wata uku ne kawai, da an ɗage murfin za ta taho.

Wahalar takardun yaro ba zan ba ku ita ba, kada in yi zagi a rubuta. Ofis ya tura mu ofis, kowane da tambayar me ya sa uwa za ta ba da jaririnta, kamar ba su da taga. Ranar tafiya mai farin zane ta rungume Ango tana tari, ita ma tarin take tun farkon sanyi, ta ɗaura masa baƙin zare a hannu. Ba addinina ba ne, amma ban tsinke shi ba sai da muka yi nisa. A filin jirgi Bintu ta ba shi nono har ya ƙoshi ya saki, ta sake ba shi. Da aka kira mu ta miƙo shi ba ta dube ni ba. Na waiwaya sau ɗaya, na ga gaban rigarta ya jiƙe sharkaf.

Ango ya ƙi robar fida. Ya yi kuka daga Indiya har Habasha, mutane na tsaki, ni ina ɗiga masa madarar gwangwani da cokali rabi na zubewa. A zauren nan mai sanyi wata mata mai goyo, ban san ƙasarta ba, ta matso ta nuna ƙirjinta ta miƙo hannu. Allah ya saka mata. Na so, wallahi na so. Amma in ya sha ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, ni kuwa ko sunanta ba zan iya riƙewa ba. Ya tashi da muharramai a duniya bai san inda suke ba. Na dafa hannunta na girgiza kai. Ta karɓi cokalin ta taya ni ɗigawa har aka kira jirginta.

Daga Kano mota ta kawo mu Nguru, ubansa ya ɗauke shi karo na farko, yana jin kukan ƙirjin yana kallona. Washegari muka wuce Gashuwa. Amsa ba ta jira na gama bayani ba ta zare shi daga bayana. Ya kama kamar zai cinye ta. Na sa aka kwashe murahun banda aka kai can bayan gida inda iska ke kaɗawa kogi, matan gida na gunaguni, na ce duk wadda ba ta so ta zo ta same ni. Ba a rana ɗaya ya warke ba. Amma kukan ƙirjin ya riƙa ja da baya, ramin wuya ya cike, wata safiya na kasa kunne a bayansa ban ji komai ba sai numfashi. Na yi sujada a tsakar gida.

Wata ukun Bintu ya zama shekara da ɗoriya. An gama awo aka ce sai rubutu, an gama rubutu aka ce sai malamai sun zauna. Kullum tana kira a waya, a nuna masa fuskarta, shi ya miƙa hannu yana son ya sa wayar a baki. Ranar da ta dawo gida ya cika, ta zo da takardarta, kowa na Dakta Dakta. Ba ta tsaya gaisuwa ba, idonta na yawo a tsakar gida. Ga shi can yana tafiya dagwai-dagwai, riƙe da bakin zanen Amsa, ƙato, lafiyayye, ƙirji kamar ganga. Ta durƙusa a ƙasa da kayanta masu kyau ta buɗe hannu ta kira sunansa. Ya tsaya ya dube ta. Sai ya ƙwalla ƙara ya shige tsakanin ƙafafun Amsa yana Mama, Mama, yana jan rigarta. Mata suka yi dariya suka ce ƙiwa ce, zai saba. Bintu ma ta yi dariya tare da su. Sannan ta tashi ta ce za ta kama ruwa, ta zaga baya, ta daɗe.

Na ji an ce bana ma hayaƙin ya sauka a garin a kan lokacinsa, ba wanda ya tare shi. Mu kuma ga namu rabon. Ango yana nan, yana gudu, yana numfashi da ƙirjin da Allah ya ba shi. Ya saba da ita, yana karɓar alewa a hannunta, wani lokaci har ya yarda ta goya shi. Yaran gida Anti suke ce mata, shi ma Anti yake ce mata. Nan na sauke kayana. Wanda ya ga da saura, ya ɗauka.